Yadda zaka haɗa kiɗan Latin soul irin na da, tun daga tafi har zuwa busa da amshi

Idan ka taɓa jin waƙar Cardi B ɗinnan "I Like It" da ta fito 2018, toh ka riga ka ji Latin soul ko baka san sunansa ba, domin wannan fiyanon da busar da amshin da ke ƙarƙashin waƙar duk asalinsu daga faifan Pete Rodriguez ne na 1967, "I Like It Like That". Ni dai tun ranar da na nemo asalin na saurara ban sake komawa kan sabuwar ba, kuma tun lokacin nake ta fama da kiɗan nan a situdiyo, ina ɓatawa ina gyarawa. Abinda na koya shi zan shimfiɗa maka ɗan'uwa, ko kana da mutane masu kayan kiɗa ko kwamfuta ce kawai gabanka da makirufo ɗaya.

Amma ka fara sanin gidan da abin ya fito, don in baka sani ba zaka yi ta zuba kaya barkatai. Kiɗan birnin New York ne, unguwar East Harlem da mutanenta ke kira El Barrio, da kuma Bronx. Yaran ƴan Puerto Rico da aka haifa a can su suka ƙirƙiro shi, a gida iyayensu na jin mambo da cha-cha-cha da Sifaniyanci, in sun fito titi kuma ga maƙwabtansu baƙaƙen fatan Amurka suna jin kiɗan soul na kamfanin Motown da na James Brown, samari na tsayawa a kwanar layi suna haɗa murya ba ko ganga, abinda ake kira doo-wop. Ga shi farkon shekarun 1960 Amurka ta yanke hulɗa da Kuba, sabon kiɗa ya daina zuwa daga Havana, sannan a 1966 aka rufe Palladium, babban gidan rawar mambo. Sai yaran suka haɗa abin gida da abin titi. Mai saurin ana ce masa boogaloo, kuma ganiyarsa bata wuce daga 1966 zuwa wajen 1968 ba, daga nan salsa ta danne shi. Da yawa cikin mawaƙan sun faɗa da bakinsu daga baya cewa manyan makaɗa da masu shirya wasa ne suka haɗa kai aka ture su gefe saboda suna cinye kasuwa.

Mataki na farko kunne ne

Kar ka buɗe kwamfuta tukuna. Ka ba kanka sati guda kana saurare, kuma kowace waƙa da abinda zaka je nema a cikinta. "Watermelon Man" ta Mongo Santamaría, 1963, wadda Herbie Hancock ya rubuta, ka ji yadda konga, doguwar gangar nan da ake bugawa da hannu, ke tafiya a natse ƙarƙashin busa mai ɗanɗanon blues. "Bang Bang" ta Joe Cuba, 1966, babu busa ko ɗaya a ƙungiyarsa, su shida ne har da mai vibraphone, kayan kiɗa mai jerin ƙarafa da ake bugawa da sanda, amma ka saurari tafi da ihu da hayaniyar mutane, zaka rantse a tsakiyar biki aka ɗauka. "Boogaloo Blues" ta Johnny Colón don nauyin turombon. Faifan Ray Barretto mai suna "Acid" na 1968 don ka ji yadda bas da konga ke riƙe juna. Sai kuma Joe Bataan, wanda suke kira sarkin Latin soul, ɗan East Harlem ne, babansa ɗan Filifin mamarsa baƙar Amurka, ka nemi "Gypsy Woman" da "Subway Joe" da "Ordinary Guy", a wajensa zaka koyi murya.

Kowace ka ji ta sau uku a ƙalla. Na farko ka ji daɗinka kawai. Na biyu ka bi abu ɗaya tak daga farko har ƙarshe, misali ƙararrawa, kar ka bari murya ta ɗauke maka hankali. Na uku ka tafa tare da su. In tafinka na faɗuwa daidai da nasu ba tare da ka yi tunani ba toh ka shirya.

Ƙirga da gidaje

Duk abinda zan faɗa daga nan a kan ƙirga huɗu yake, ɗaya biyu uku huɗu, wannan zan kira zagaye ɗaya. Kowace ƙirga ka raba ta biyu, ya zama gida 8 a zagaye. Kiɗan nan kuma zagaye biyu yake cika magana, saboda haka gida 16 zamu yi aiki da su. Sauri ka sa wajen ƙirga 120 zuwa 130 a minti ɗaya, ni 124 nake fara wa. In FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, kake amfani da shi ka lura gidajen nan 16 da yake baka da farko zagaye ɗaya ne kawai, don haka ko ka ja su su kai 32 kana tsallake ɗaya, ko ka shiga wajen zana nota ka sa layin a rabin ƙirga, duk ɗaya ne.

Tafi shi ne farko, gida na 3, 7, 11, 15, wato kan biyu da huɗu. Wannan shi ne hannun soul a cikin kiɗan, shi ya raba shi da mambon iyayensu. Sai ƙararrawar ƙarfe, wadda amonta ya yi kama da kugen da muka sani amma ƙarama, tana bugawa kan kowace ƙirga, gida 1, 3, 5, 7 haka har 15. Ka bar su biyun su yi ta zagayawa minti biyu kana jinsu. Yanzu ma ya kamata ƙafarka ta fara motsi, in bata motsa ba ka rage sauri kaɗan, sau da yawa gaggawa ce ke kashe shi.

Sai clave, ana furta shi kilabe. Sanduna biyu ne na katako amma maganar ta wuce sandunan, tsari ne na bugu biyar a cikin zagaye biyu da yawancin kiɗan Kuba ke rataye a jikinsa. Iri biyu ne wajen juyawa. Mai fara da uku yana faɗuwa a gida 1, 4, 7, 11, 13. Mai fara da biyu kuma gida 3, 5, 9, 12, 15. Mu ɗauki mai fara da biyu don shi zai zauna da fiyanon da zan baka. A boogaloo da yawa ma ba zaka ji ana buga sandunan ba, kuma yaran basu tsananta masa kamar dattawan ba, har ana musu gori a kai, amma ina baka shawara ka sa shi yayin da kake gini ko da zaka cire daga baya, kamar igiyar magini ce, in an gama gini ake naɗe ta. Sharaɗi ɗaya ne, in ka zaɓi gefe kar ka juya shi a tsakiyar waƙa.

Konga da sauran kayan bugu

Bugun konga na asali sunansa tumbao kuma a gida takwas yake maimaituwa. Abu biyu ne ke fitowa fili a cikinsa, mari mai kaifi a gida na 3, da buɗaɗɗen bugu guda biyu a gida na 7 da 8. Sauran gidajen hannun hagu ne ke cike su a hankali, gindin tafin hannu sannan kan yatsu, gindi sannan yatsu, ƙasa-ƙasa kamar ana raɗa. Masu haɗawa a kwamfuta nan suke faɗuwa, sai su sa mari da buɗaɗɗen kawai su bar raɗar, ko kuma su sa duka da ƙarfi ɗaya. Ka sa raɗar amma ka sauke ƙarfinta ƙasa da rabi, kuma kar guda biyu su zo da ƙarfi iri ɗaya.

Güiro gora ce mai tsage-tsage a jiki ana karta ta da ɗan tsinke. Dogon karta a gida 1, gajeru biyu a 3 da 4, dogo a 5, gajeru a 7 da 8. In baka da ita wallahi kwalbar roba mai gurza-gurza a jiki da cokali mai yatsu sun yi mini aiki, kuma ta fi ta cikin kwamfuta rai nesa ba kusa ba. Tamborin ka ɗora shi kan tafi. Timbal kuwa, ƴan gangunan ƙarfen nan biyu da ake bugawa da sanda a tsaye, aikinsu su buɗe ƙofa duk sanda za a shiga sabon sashe, ɗan gajeren birgima sannan ƙwal guda a kan huɗu, shikenan, kar ka bari su yi ta surutu.

Abinda zan roƙe ka, ka cire hannunka daga babbar gangar ƙasan nan mai girgiza mota da muka saba sawa a kowane bit. Yawancin faifan wancan lokacin babu ita, bas da konga ne ke riƙe ƙasa. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi, ka daure. In dole sai ka sa, toh mara nauyi a gida 1 da 9 kawai, yadda sai an kasa kunne za a ji ta.

Fiyano da bas

Kod uku, wato notocin da ake dannawa tare lokaci guda, sun ishe ka waƙa guda. A ki na C, ka yi C, F, G, F, masu do-re-mi zasu ce do, fa, so, fa, kowanne ƙirga biyu. Sirrin yana wajen lokacin da kake canzawa, domin fiyanon nan baya jiran ƙirga ta iso, yana riga ta da rabin ƙirga, wato gida ɗaya. Ga yadda zaka zuba shi: gida 1 da 3 C, gida 4 da 6 F, gida 8 da 10 G, gida 12 da 14 F, gida 16 ka koma C tun kafin sabon zagaye ya shigo. Wannan maimaicin shi ake kira montuno. Hannu biyu su buga abu ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da ƙarfi kamar ganga kake bugawa, kuma ka ɗaga ƙafarka daga fedal ɗin jan sauti gaba ɗaya. In kana so ƙamshin blues ya fito ka ƙara wa kowane kod ɗan bakwai ɗinsa, C7, F7, G7, nan take zaka ji ya tashi daga Havana ya koma Harlem. In kuma waƙar mai ɗan duhu kake so sai ka mai da C da F ƙananan kod, wato minor, G ya zauna yadda yake.

Kuma fiyanon nan baya canzawa. Zai yi minti uku yana faɗin magana ɗaya, mai bugawa zai gaji ya so ya nuna gwaninta, ka hana shi har sai an zo wajen da aka ware masa.

Bas a kiɗan Kuba tsantsa yana kauce wa ɗaya, yana faɗuwa a gida 4 da 7, sai 12 da 15. A Latin soul ana yawan ƙara masa ɗayan don masu rawar soul su samu wajen taka ƙafa. Toh ka gwada haka, gida 1 C, gida 4 F, gida 7 G, gida 9 G, gida 12 F, gida 15 C. Zaka lura a gida na 7 bas ya riga fiyano isa G, kar ka gyara, haka ake so, wannan ɗan ja-in-jar shi ke tura kiɗan gaba. Sautin bas ya zama gajere mai kauri, in gita bas ce ta gaske ka cusa ɗan soso ƙarƙashin wayoyin ta can gindi, ka rufe maɓallin kaifi.

Murya, inda nake so ka fi daɗewa

Anan ne mu Hausawa muke da abin hannu, don tsarin mai bada waƙa da ƴan amshi ba baƙonmu bane, su ma haka suke yi, jagora ya jefa ƴan amshi su karɓa, suna ce wa amshin coro. Amma a Latin soul amshi iri biyu ne kuma kowanne da aikinsa.

Na farko amshin taro. Gajeriyar magana, kalma uku zuwa shida, kowa ya faɗa da murya ɗaya, maza da mata, wanda ya iya waƙa da wanda bai iya ba. Wannan ba a son ya yi tsaf. Ka tara mutum biyar ko shida su tsaya nesa da makirufo kamar taku uku, su yi amshin suna tafawa a lokaci guda, ka ɗauka sau biyu ko uku ka jera. Tsakanin amshi kuma ka bar su su yi shewa, wani ya yi fito, wani ya kira sunan mai konga, wata ta yi dariya, kar ka goge ko ɗaya. Joe Cuba yana da waƙa sukutum da aka gina kan fito, "El Pito", sunan ma ma'anarsa kenan.

Na biyu shi ne haɗin murya mai zaƙi da suka gado daga doo-wop, kuma gadon na gaske ne, domin ƙungiyar Frankie Lymon and the Teenagers da ta yi tashe a 1956 biyu daga cikin yaranta, Herman Santiago da Joe Negroni, ƴan asalin Puerto Rico ne. Mutum uku kake buƙata. A kan C na ƙasa ya riƙe do, na tsakiya mi, na sama so. In an koma F, na ƙasa kar ya motsa, ya zauna a do ɗinsa, na tsakiya ya hau fa, na sama ya hau la. In an je G, na ƙasa ya sauko ti, na tsakiya re, na sama so. Ka duba da kyau, babu wanda ya yi dogon tsalle, kowa ɗan matsawa kawai yake, shi yasa yake narkewa a kunne. Da "uuu" zasu fara a bayan jagora lokacin baiti, in an kusa amshi su buɗe baki zuwa "aaa". Ka koya wa kowa layinsa shi kaɗai da fiyano har ya zauna masa, sannan ka haɗa biyu, sannan uku, in ka haɗa su tashi ɗaya na tsakiya zai gudu ya bi na sama, kullum haka ake yi. Su tsaya kewaye da makirufo ɗaya, wanda muryarsa ta fi ƙarfi ya ja baya rabin taku. Su ja numfashi tare su rufe kalma tare, musamman ƙarshen kalma, nan ake gane waɗanda suka yi atisaye.

Maganar harshe kuma, su yaran can Turanci da Sifaniyanci suke cakuɗawa a waƙa ɗaya saboda haka suke magana a gida da titi. Kai ma ka yi da harshen da kake magana, Hausa na hawa kiɗan nan lafiya lau. Sai dai ka kula da abu biyu. Hausa tana da hawa da saukar murya a cikin kalma, in karin waƙarka ya hau inda kalmar ke sauka sai ma'ana ta karkace ko ta zama abin dariya, don haka ka fara faɗin layin da baki kamar kana magana, ka ji inda ya hau da inda ya sauka, sannan ka ɗora kari a kai. In amshin mai kalmomi ne kuma za a haɗa murya a kansa, toh duka ukun su hau tare su sauka tare, riƙe nota ɗaya ɗin nan ka bar shi wa "uuu". Na biyu, dogon gaɓa da gajere, ka ba dogon gida biyu gajeren gida ɗaya. Gwada wannan a kan montunon da muka gina, jagora ya ce abinda ya ga dama, ƴan amshi su karɓa da "a taka, a taka, gari bai waye ba", ka ji yadda "taka" ke neman faɗuwa kan tafi da kanta.

Jagora kuma ya yi waƙa da muryarsa ta Allah. Ka saurari Joe Bataan, ba wai muryarsa ta fi ta kowa bace, amma in yana cewa shi talaka ne ba shi da abin ba budurwa sai ka yarda da shi. Ototun in zaka sa ka sa kaɗan can yadda ba za a ji ba, a kan ƴan amshi kuwa kar ka sa sam.

Busa

Ka zaɓi hali tukuna. Tirampet biyu irin na Pete Rodriguez suna bada haske da annashuwa. Turombon biyu irin na Johnny Colón ko Willie Colón, wanda ya fitar da faifansa na farko "El Malo" a kamfanin Fania a 1967 yana ɗan saurayi, suna bada kauri da gurnani, kiɗan titi sosai. In mutum biyu kawai zaka iya biya, tirampet ɗaya turombon ɗaya sun isa.

Dokar busa ita ce kar ta yi magana lokacin da mawaƙi ke magana. Mawaƙi ya ajiye layi, busa ta amsa a ramin da ya bari, nota uku ko huɗu, ta yi shiru. Sai wajen da aka ware mata ita kaɗai bayan amshi na biyu, da suke kira mambo, inda zata maimaita wani ɗan layi mai kama kunne sau huɗu ko takwas, ana ƙara zafi. Yadda zaka rubuta layin, ka rera shi da bakinka a kan kiɗan, "pa-ra-pap, paaa", in numfashinka ya ƙare kafin layin ya ƙare toh ya yi tsawo, mai busa ma mutum ne. Wajen da kake son duka mai ƙarfi su busa nota ɗaya, turombon a ƙasa tirampet a sama. Wajen da kake son zaƙi ka raba su, in tirampet na kan mi turombon ya riƙe do ko so na ƙasa, su yi tafiya tare a haka.

Masu busa kuma akwai su, ka leƙa coci-coci a Jos ko Kaduna ko Sabon Garin Kano, da ƴan badujala, da makarantun da ke da ƙungiyar fareti, yawancinsu da do-re-mi suke aiki saboda haka ka rubuta musu a haka. Ka dai tuna tirampet na gaba da fiyano da taki ɗaya a rubutu, in waƙarka a C take shi a D zai karanta, haka ma saksofon tena, alto kuma a A, turombon ne kawai ke tafiya daidai da fiyano. Ka faɗa musu ki ɗin fiyano tun a waya kafin su zo.

Karon farko da na gwada kiɗan nan komai a kwamfuta na yi shi, na daidaita kowane bugu ya zauna cif a kan layi, tafin ma na cikin kwamfuta ne guda ɗaya ina ta maimaita shi. Na kira wani dattijo mai turombon ya zo ya ɗora mini busa. Ya sa hedifon ya saurara har ƙarshe, kayan busarsa na kan cinya bai ko ɗaga ba, sannan ya cire ya ce, ɗana kiɗan ya yi kyau amma ina mutanen suke? Na ce Baba wane mutane. Ya ce in leƙa waje in kira duk wanda na gani. Na shigo da yara huɗu da ke zaune a shagon caji da mai shayin bakin layi, muka goge tafin kwamfuta suka tafa da hannunsu, ɗayansu ma yana ɗan makara, na so a sake Baba ya ce a bar shi. Da aka kunna sai ga kiɗan ya tashi tsaye, shi kuma ya busa nasa sau biyu kacal ya naɗe kaya. Har yau wannan tafin mai ɗan makara nake ji in na kunna waƙar.

In babu halin kiran mai busa dole sai na kwamfuta, toh ka buga kowane layi daban da hannunka, kar ka danna kod guda da sautin taron busa, ka bar gajerun notoci su fi yawa don dogaye ne ke tona asiri, kuma ka ɗan jinkirta ɗaya a bayan ɗaya kaɗan.

Jera waƙar da ɗauka

Fiyano shi kaɗai ya buɗe, zagaye huɗu. Tafi da hayaniya su shigo, sai bas da konga, timbal ya buɗe ƙofa busa ta faɗo. Ka fara da amshi kafin baiti, mutane su samu abin riƙewa tun da wuri. Baiti, amshi, baiti, amshi, sai kowa ya tsaya cak a bar tafi da ƙararrawa kawai na zagaye huɗu jagora na magana da jama'a, daga nan mambon busa, in akwai mai timbal ko konga na gaske a bashi zagaye takwas, a dawo amshi a yi ta yi ana rage sauti har ya ɓace. Minti uku zuwa huɗu ya isa, ƙananan faifan garmaho na lokacin ma kusan haka suke ɗauka.

Wajen ɗauka, duk abinda zai yiwu a yi tare a ɗaki ɗaya a yi shi tare, ko da fiyano da bas daga kwamfuta suke, konga da ƙararrawa da güiro su shiga lokaci guda, sautin wani ya ɗan shiga makirufon wani ba laifi bane. Mai busa kar ya sa bakin ƙahon cikin makirufo, ya ja baya kamar kamu biyu ya ɗan karkata. A wajen haɗa sauti ka rage kaifin sama daga wajen 10kHz zuwa sama, ka rage ƙasan can da ke ƙasa da 50Hz, ka bi da komai ta abin kwaikwayon tef ya ɗan ƙona gefen busar. Ribab, wato amsa-kuwwar ɗaki, guda ɗaya gajere kowa ya sha daga ciki, murya ta fi kowa sha. Kar ka baza kaya hagu da dama sosai, kuma ka gwada a ƙaramar lasifikar waya, in fiyano da tafi da amshi sun fito a nan toh ka samu. Kar kuma ka matse waƙar don ta yi ƙara kamar na yanzu, in busa ta shigo a ji ta shigo.

Akwai kuma mai sanyin, na masoya, irin "Ordinary Guy" ko "Make It With You" da Ralfi Pagan ya yi a 1971, wanda har yau ƴan asalin Meziko a Los Angeles ke ji a motocinsu. Shi sauri zaka sauke zuwa wajen 75 ko 80, ka ajiye tafi da ihu, konga ta koma taushi irin na bolero, kiɗan soyayyar Kuba mai tafiya a hankali, kod ya zama C, Am, F, G, wato do, la, fa, so, kowanne zagaye guda. A nan haɗin muryar mutum ukun nan shi ne komai, a kan Am na sama ne kawai zai matsa daga so zuwa la sauran su zauna, busa kuma dogayen notoci can ƙasa a bayan murya. Ni ina ganin wanda ya fara koyo ya fara da mai saurin, don mai sanyin baya ɓoye kuskuren murya ko kaɗan.

In kuma zuciyarka ta raya maka ka yanko wani yanki daga tsohon faifai ka ɗora a waƙarka kamar yadda aka yi a ta Cardi B, ka sani waɗannan faifan suna da masu su kuma sai da izini da biya ake taɓa su, in ba haka ba ranar da waƙar ta fara tafiya a YouTube ranar za a sauke ta ko kuɗin ya koma wani aljihu. Kod uku ɗin nan da tumbao da clave kuwa ba na kowa bane, ka buga naka da hannunka, ka ajiye fayil ɗin kowane kaya daban-daban da ranar da aka ɗauka, kuma ka rubuta sunan duk wanda ya busa ko ya yi amshi da abinda kuka yi yarjejeniya a kai tun kafin su bar situdiyo.